Fuskar da ta kuɓuce mini

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar bidiyo ne a Kano, na haura shekara 20 a cikin sana'ar. Kusan duk sati sai wani matashi ya tare ni da tambaya ɗaya: "Oga, wane folo-fokas zan saya wanda ba shi da tsada?" Nakan ba su amsa a tsaitsaye, in ce su duba kaza, su guji kaza. Amma amsar gaskiya doguwa ce, kuma a cikinta akwai abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa. Yau na ga gara in faɗe shi, ko wani zai tsira daga ramin da na faɗa.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba: a jikin lensin kyamara akwai wani zobe da ake murzawa har fuskar mutum ta fito tar. Shi ake kira fokas. Folo-fokas kuwa wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a gefen kyamara, tana da mamurɗi kamar kan famfo, da wani ɗan faifai mai haƙora da yake cizon zoben lensin. Kana murzawa a gefe zoben yana juyawa, ba sai ka taɓa lensin ka girgiza hoto ba. Iyakar aikinta ke nan. A kanta na ci bashi, a kanta na bar sana'a, da ita kuma na dawo.

Mahaifina makanikin keken ɗinki ne. Rumfarsa tana Fagge, a tsakiyar teloli, kuma a nan na tashi ina miƙa masa sukundireba da man keke. In aka kawo masa keke yana tsallaken zare, ba ya fara kwance komai. Sai ya dafe sandar allura da yatsa, ya kama kan keken da ɗaya hannun, ya ɗan murza gaba da baya. In kan ya motsa allura ba ta motsa ba, sai ya kaɗa kai ya ce, "Akwai wasa a ciki." Na ga wannan ya fi sau dubu, ban taɓa zaton zai yi mini rana ba. Ni lokacin burina in bar rumfar ne, don ina ganin sana'ar ba ta da kwarjini.

A shekarar 2000 na samu wani maigida mai ɗaukar biki. Na fara da riƙe fitila da naɗe waya, ina kallonsa da ƙatuwar kyamarar kaset a kafaɗa. Daga baya aka koma ƙananan kaset na MiniDV, na riƙe Sony PD170 shekara da shekaru, na yi aure da kuɗinta, na haifi 'ya'ya huɗu da kuɗinta. Waɗannan kyamarori sensarsu, wato farantin da haske yake sauka a kai a ciki, ƙarama ce ƙwarai, sulusin inci ce. In sensa ƙarama ce, kusan komai na fitowa garau, na gaba da na baya. Saboda haka na yi shekara 14 ina aiki ban san fokas abin tsoro ba ne. Ina ɗaukan kaina gwani, ashe kyamarar ce take rufa mini asiri.

Sai duniya ta canza. A 2008 kamfanin Canon ya fito da 5D Mark II, kyamarar hoto mai babbar sensa wadda take ɗaukar bidiyo. Bayan 'yan shekaru irinta suka cika Titin Gidan Zoo, matattarar masu sana'ar fim da bidiyo a Kano. Hotonsu daban ne: fuska ta fito fes, bayanta ya narke kamar man shanu a rana. Amare suka fara cewa irin wannan suke so. Aiki ya soma sulalewa zuwa hannun yaran da na girme wa nesa ba kusa ba. A 2014 na sayar da tsohuwar kyamarata, na haɗa da kuɗin adashi, na sayi irin ta zamanin, ta hannu, wadda ba ta kai 5D girman sensa ba, da lensi mai milimita 50 wanda ƙofar shigar haskensa take buɗewa har f/1.8, wato buɗewa sosai, don in lambar ta yi ƙasa ƙofar ta fi faɗi. Ban tambayi kowa yadda ake aiki da ita ba. Ina zan je in ce wa ɗan cikina ya koya mini?

A 2015, bayan Babbar Sallah, aka ba ni wani biki. Gidan mutunci ne, mahaifin amarya dattijo mai sanyin magana. Ranar kai amarya, bayan magariba, aka shigo da ita falonsa don ya yi mata nasiha. An ɗauke wuta, ƙwan fitila ɗaya ne yake ci da ɗan janareto. Da na ga duhu sai na buɗe lensin har ƙarshe. Dattijon yana zaune ya jingina da kujera, na murza zobe har na ga kamar ya fito, na danna ɗauka. Da ya fara magana sai ya sunkuyo gaba, ya kama hannun 'yarsa, kuma bai sake jingina ba har ya gama. Minti 6 yana magana. Ya yi mata zancen haƙuri, da sallah, da riƙon sirrin miji, ya tuna mata ranar da aka haife ta, muryarsa ta karye, duk falon aka yi ta sharar hawaye. Ni ma idona ya cika. Ina kallon ɗan sikirin mai inci 3 a bayan kyamara, ina gani kamar komai daidai. Na fita ina ce wa raina ban taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba.

Daga baya ne na koyi lissafin. Lensi mai milimita 50, a buɗe f/1.8, a kan irin kyamarata, in mutum yana nisan mita 2, abin da zai fito tar bai wuce kimanin santimita 11 ba daga gaba zuwa baya. Rabin taƙi ke nan. Wanda ya tashi daga jingina ya sunkuyo ya riga ya fita daga ciki.

Aiki ya yi mini yawa a lokacin, ban buɗe memorin bikin ba. Kwana 19 bayan nan aka ce dattijon ya rasu. Na je jana'iza, na je ta'aziyya. Bayan addu'ar bakwai yayan amarya ya kira ni ya ce, "Malam, don Allah ka bar sauran bikin tukuna, wajen nasihar nan muke so. Yarinyar nan ba ta barci, kullum maganarta ke nan." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gobe zan kawo.

Da daddare na zuba a kwamfuta. Furannin da suke jikin yadin kujerar ga su nan tar, har zaren ɗinkin ana gani. Fuskar dattijon kuwa dishi-dishi, kamar ana hango ta ta cikin gilashin da ruwa ya jiƙa. Na ja gaba, na ja baya, ina neman ko daƙiƙa biyar da ya koma ya jingina. Babu. Na zauna a gaban kwamfutar har aka kira assalatu, jikina yana rawa. In ka ɓata wa tela yadi, ka biya shi. Wannan me zan biya da shi?

Na yi kwana uku ina kashe waya. Na yi tunanin in ce memori ne ya lalace, don ƙaryar ta fi sauƙin faɗa. Mai ɗakina ce ta hana ni. Ta ce, "Abban yara, in ka ce ya lalace, har muryar ka binne musu." Na ɗauki kwamfutar na tafi.

Yayan amarya ya kalla, ya miƙe ya faɗa mini maganganu masu zafi, kuma duk abin da ya faɗa yana da gaskiya. Hajiya tana takaba, tana daga bayan labule tana jin muryar mijinta tana fita daga kwamfuta. Da ya ƙare, sai ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Ɗana, haka Allah ya so. Ka bar mana muryar, Allah ya yi maka albarka." Na mayar da kuɗin aikin, ta sa aka dawo mini da shi har gida. Zagin ɗanta na iya ɗauka. Albarkar nan tata ce ta hana ni barci wata da watanni.

Kano babba ce, amma zancen masu biki ba ya kwana. Aiki ya ja baya. A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda shi ya fi shafar masu tambayata. Maimakon in zauna in binciki abin da ya faru, sai na nemi abin da zan ɗora wa laifi. Na ga hotunan masu fim na ƙasashen waje, kyamararsu ɗaure da sanduna da mamurɗi a gefe, sai na ce ai ga abin da na rasa. Na karɓi kuɗin da mai ɗakina take tarawa na sayen firiji, na ƙara da bashi a wajen wani aminina, na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Chana saƙo. Da hoto na zaɓa. Na zaɓi wanda ya fi tarkace: ga abin kafaɗa, ga mariƙai biyu, ga rumfar gaban lensi, ga folo-fokas, duka a kuɗin da bai kai na folo-fokas ɗaya mai kyau ba. Gaskiyar magana, so nake in na shiga taro a ga kyamarata ta cika ido, a manta da abin da aka ji a kaina.

Da kayan suka iso na ɗaura, na ji kamar na dawo da mutuncina. Wani da muka saba ya samo mini aiki a lokeshin ɗin wani fim, in riƙe kyamara ta biyu. Aka zo wata fitowa: miji yana zaune a gaba, matar ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, darakta yana son fokas ya tashi daga fuskar mijin ya sauka a kan tata daidai lokacin da ta yi sallama. Na sa alama biyu a farin faifan da yake jikin mamurɗin. Aka ce a fara. Na murza, hoton bai motsa ba, sai can ya yi tsalle ya wuce ta. Na dawo da shi, ya sake yin jinkiri, ya wuce baya. Aka sake. Bel ɗin roba mai haƙora da na naɗa wa lensin ya zame, alamomina suka tashi daga aiki. Sau 9 ana maimaitawa, 'yan wasa sun gaji, rana tana faɗuwa. Darakta bai ɗaga mini murya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, ɗan huta, bari yaron nan ya gwada." Yaron bai fi shekara 20 ba. Ya kwance na'urar tawa ya ajiye a gefe, ya kama zoben da yatsu biyu, ya yi a karo na biyu.

Ban jira an tashi ba. Na tattara kayan na zuba a kwali, na kai gidan mahaifina na tura ƙarƙashin gado, don ba na son ganinsu a ɗakina. Na karɓi A Daidaita Sahu ina ja, ina kai balas kullum. Wannan a 2016 ne, shekarar da Naira ta faɗi, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 200 a farashin hukuma har ta doshi 500 a kasuwar canji ta Wapa a farkon 2017. Duk wani kayan kyamara ya zama sai kallo. Wata 14 na yi a kan titi. Ja sana'a ce ta halal, ta ciyar da 'ya'yana, ba na raina ta. Amma in fasinja ya ce Titin Gidan Zoo zai je, sai in ce ba can na nufa ba. In na ɗauki 'yan biki da ankonsu, ba na iya kallonsu ta madubi. Na zama mai saurin fushi a gida. Yarana suka koyi yin shiru in sun ji ƙarar mashin ɗina a ƙofa, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau nake neman gafarar Allah a kai.

Wata asuba ina karatu, mai ɗakina ta ce, "Abban yara, ka lura kuwa yadda kake nisanta Alƙur'ani da fuskarka? Haka ma waya." Na ce mata hasken ɗakin ne. Ta sake faɗa bayan sati biyu, na yi mata tsawa. Mai ɗaukar hoto a ce idonsa ne? Na gwammace a ce mini komai da wannan.

Ranar wata Juma'a na je gaida Baba. Tsufa ya riga ya zaunar da shi, amma hannunsa bai daina neman abin taɓawa ba. Na tarar ya jawo kwalin nan ya baje kayan a tabarma. Folo-fokas ɗin yana hannunsa. Ya dafe ɗan faifan mai haƙora da babban yatsa, ya kama mamurɗin ya murza gaba da baya. Mamurɗin yana motsi, faifan yana tsaye. Ya ce, "Wannan ai wasa ne da shi kamar tsohon keke. Haƙoran cikin ba su cizon juna. Ko waye ya riƙe shi sai ya wuce inda ya nufa." Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe dai ba laifina ba ne. Sai ya laluba aljihu ya ciro allura da zare ya ce, "Zo nan, zura mini."

Na kai kusa da ido, ramin allurar ya ɓace. Na nisanta, ya yi ƙanƙanta. Na yi ta fama, shi kuma yana kallona bai ce komai ba. Da na sauke hannu sai ya ce, "Ni ma a shekarunka ya same ni. Na ɓata wa mutane kekuna biyu kafin in yarda. Je ka a auna ka."

A asibitin ido likita ta yi mini bayani a minti biyar. A cikin idon mutum ma akwai lensi, kuma daga wajen shekara 40 yakan fara taurara, ya kasa lanƙwasawa don ganin abu na kusa. Kusan kowa sai ya same shi. Nesa ina gani garau, shi ya sa ban zargi komai ba. Amma sikirin mai inci 3 da nake kangawa taƙi ɗaya daga hancina, shi ne daidai inda idona ya daina aiki. Daren nasihar nan, ko fuskar ta fito ko ba ta fito ba, duk ɗaya zan gani. Ta rubuta mini tabarau na karatu, kuɗinsa bai kai abin da nake samu a kwana biyu da A Daidaita Sahu ba. Da na sa shi na duba tafin hannuna, na ga zanen da na manta akwai shi. Na fito na zauna a cikin mashin ɗina na yi kuka kamar yaro.

Daga nan na fara shirin dawowa, a hankali, da kuɗin da nake cirewa kullum bayan balas da cefane. Kuma ban fara da folo-fokas ba. Bayan tabarau, abin da na fara saya monita ce mai inci 5, ta hannu, irin wadda take zana jan layi a gefen duk abin da fokas ya kama. Murza zobe ba tare da kana ganin sakamakon ba, harbi ne a duhu, komai tsadar abin da kake murzawa da shi. Na biyu fitila ce ta batir. In akwai haske zan iya rufe lensin zuwa f/4, wancan santimita 11 ya koma kusan 24, mutum ya samu wurin numfashi da ɗan motsi. Da ina da wannan fitila a daren nan, da labarin ya canza ko da idona bai gyaru ba.

Na uku lensi ne. A nan na gane dalilin da ya sa bel ɗina da alamomina suka ci amanata. Yawancin lensunan da aka yi don hoton kati, zobensu ɗan juyi kaɗan yake yi daga kusa zuwa nesa, wani bai kai rubu'in zagaye ba, saboda haka motsin da bai kai ƙwayar gero ba sai ya kai ka wani wuri. Wasu kuma zobensu ba ya tsayawa, in ka kai ƙarshe sai ya ci gaba da juyawa a banza, alamarka ta gurgunce. Akwai ma na zamani da zoben ba ya haɗe da gilasan ciki, saƙo kawai yake aika wa ɗan injin lantarki, kuma a da yawa daga cikinsu nisan tafiyar fokas ya danganta da saurin murzawarka. Irin waɗannan, alama ba ta da amfani a kansu. Lensunan fim na gaske suna zuwa da haƙoransu a jiki, zobensu yana juyawa har kusan digiri 300, amma ba kuɗina ba ne. Sai wani tsohon mai hoto ya sayar mini da Helios 44-2, lensin da aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, milimita 58, f/2, ƙarfe zalla. Zobensa yana tafiya kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye, kuma yana tsayawa cak a ƙarshe. Na saya masa ɗan mahaɗi don ya hau kyamarata. Har yau yana cikin jakata.

Sai a ƙarshe na zo kan folo-fokas, bayan wata biyar ina tari. Wannan karon na rantse ba zan sayi abin da ban riƙe a hannuna ba. Na duba guda huɗu a hannun 'yan sana'a masu son sayarwa, kowanne na yi masa gwajin Baba: dafe faifan haƙora, murza mamurɗi gaba da baya. Uku suka faɗi, har da wani mai ƙyalli da ya fi sauran tsada. Na huɗun tsoho ne, fentinsa ya goge, wani ne ya taho da shi daga Legas. Na dafe, na murza, ko gezau. Giyabos ɗinsa ƙarfe ne, kuma murzawarsa tana da ɗan nauyi mai santsi, ba sakwaf ba, ba kuma tauri ba, kamar kana juya cokali a cikin zuma. Na tabbatar yana hawa sanduna masu kaurin milimita 15, waɗanda tazarar tsakaninsu milimita 60 ce, don shi ne ma'aunin da aka saba a ƙananan kyamarori. Haƙoransa ma'aunin 0.8 ne, wanda lensunan fim suke amfani da shi, saboda in Allah ya hore mini na gaske wata rana ba sai na sake saye ba. Yana da 'yan maƙalai biyu da ake ɗaurewa su tsayar da mamurɗin a farko da ƙarshen tafiya, ta yadda ko ido a rufe ba za ka wuce ba. Ana kuma iya juya faifan haƙoran zuwa ɗaya gefen, abin da yake da amfani ga mai lensin Nikon, don zobensu yana juyawa ne saɓanin na Canon. Ba rumfa, ba mariƙai, ba abin burgewa. Kuɗinsa shi kaɗai ya fi na duk tarkacen da na yo saƙo.

Na kai wa Baba. Ya gwada, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ya ciza."

Wata biyu na yi ina koyo a tsakar gidansa kafin in karɓi aikin kowa. Ya ba ni tef ɗin awo na teloli, muka auna ƙasa muka zana layuka da gawayi: mita 1, mita 2, mita 3. 'Ya'yana suna tafiya a kan layukan, suna tsayawa, suna sunkuyawa, ni kuma ina bin fuskokinsu da mamurɗi, shi yana zaune yana ba su umarni. A nan yaran suka sake sakin jiki da ni. A nan kuma hannuna ya koyi abin da babu na'urar da take sayar da shi, wato ka ji mutum zai motsa kafin ya motsa. Baba ya rasu a 2019. Ya ga na biya bashin aminina, ya ga firijin mai ɗakina ya shigo gida.

Yau abubuwa sun yi sauƙi. Kamfanoni irin su Tilta da SmallRig suna yin ƙananan folo-fokas da ake murzawa da hannu, waɗanda ba su kai Dala 100 ba, masu hawa sanda ɗaya. Akwai marasa waya masu ɗan inji, irin Nucleus-Nano na Tilta, a 'yan ɗaruruwan Dala, alhali irin na manyan kamfanonin fim dubbai ake saye. A 2022 DJI ta fito da na'urar da take auna nisan mutum da haske ta murza lensin da kanta. Su kansu kyamarorin, tun daga Canon 70D ta 2013 zuwa na yanzu masu bin ƙwayar ido, sun iya riƙe fuska fiye da hannun yawancinmu.

Saboda haka in yaro ya tambaye ni, tambayarsa nake fara yi: wane aiki kake yi? In biki kake ɗauka kai kaɗai, kana gudu tsakanin jama'a, kuma kyamararka tana bin ido, a ganina ba ka buƙatarsa, kai kuɗin wajen fitila da monita da makirfo. In fim kake yi ko shiri mai dogon zango, inda darakta yake son fokas ya tashi daga nan ya sauka can a daidai kalma kaza, kuma a maimaita sau biyar iri ɗaya, to kana buƙatar mai kyau wanda ake murzawa da hannu, da lensin da yake tsayawa. Marar waya na mai gimbal ne, wato mariƙin da yake hana kyamara girgiza in ana tafiya da ita, ko wanda yake da mataimakin da zai tsaya gefe da monitarsa, kuma ya sani ya ƙara wa kansa batirin da zai yi caji a garin da wuta ba ta da tabbas. Kowanne ka saya, kada ka cika shi da mai, ƙurar hunturu tana manne wa maiƙo ta cinye haƙora, tsohon buroshin goge baki ya ishe ka. In kuma mai tambayar ya fara furfura, allura da zare nake miƙa masa kafin mu yi zancen kaya. Ina yawo da su a jakar kyamara.

Bara wani yaro da yake yi mini editin ya ga fayil ɗin nasihar nan a kwamfutata, don ban taɓa goge shi ba. Na ba shi labarin. Ya ce yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke gyara hoton da ya yi dishi-dishi, in ba shi dama ya gwada. Zuciyata ta buga, na ce ya gwada. Kwamfutar ta kwana tana aiki. Da safe ya kira ni da murna. Fuska ta fito tar, ga gemu, ga idanu, ga layukan goshi. Na sa tabarau na matso. Wani dattijo ne mai kyan gani, yana magana da muryar marigayin, amma ba shi ba ne. Manhajar ba ta taɓa ganinsa ba, ta cike gurbin ne da abin da ta ga ya dace. Ni kuwa na tsaya mita 2 daga fuskarsa na minti 6, na san yadda idonsa na hagu yake ɗan runtsewa in zai yi kuka, kuma babu wannan a ciki.

Yaron ya ce, "Oga, ai ba za su gane ba, shekara nawa yanzu." Na ce masa 'yarsa za ta gane. Na sa ya goge, muka bar na asalin yadda yake.